Filin Tambayoyin Mota: Kaskon Giyata Ya Tsage Sau Biyu, Ko In Sa a Ƙera Mini na Ƙarfe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Toyota Hilux mai jan ƙafa huɗu, wadda nake shiga gonaki da ƙauyuka da ita, musamman da damina. Na cire injinta na asali, 22R, na sa injin Lexus mai silinda takwas, wato 1UZ, aka haɗa shi da giyar da na tarar a motar, W56, ta hanyar wani faranti da aka yanka mini a nan gida. Da robobin zaman inji suka riƙa tsinkewa, sai mai walda ya yi mini mazauni na ƙarfe zalla, ya kuma ƙara ƙafafu biyu na ƙarfe da suka riƙe ogzilari, wato akwatin da ke bayan giya mai raba ƙarfi zuwa tayoyin gaba da na baya, ta dama da ta hagu a jikin shasi. Tun daga nan belhausin, wato kaskon giya, ya tsage sau biyu, duka ta sama kusa da notuna. Abokaina sun ce gorar ruwa ba za ta iya da wannan inji ba, gara in sa a ƙera mini na ƙarfe mai kauri. Shin wannan ce mafita?
— Mai karatu daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba na ba ka shawarar ka kashe kuɗinka a kan kasko na ƙarfe, domin bisa ga abin da ka bayyana, laifin ba na kaskon ba ne, na yadda aka zaunar da inji da giya a kan shasi ne. Idan ka sa na ƙarfe ba tare da gyara mazaunin ba, tsagewar ba za ta daina ba, za ta koma ne kawai wani wurin da ya fi tsada, ko dai jikin giyar, ko kunnuwan bayan injin inda notuna suke kamawa, kuma injin 1UZ shi kansa jikinsa na gorar ruwa ne.

Belhausin, wato kaskon nan mai faɗin baki da ke tsakanin inji da giya wanda kulochi da falaiwil (faifan ƙarfe mai nauyi da ke bayan inji) ke juyawa a cikinsa, yana da manyan ayyuka biyu. Na farko shi ne ya riƙe sandar da ke shiga giya a kan layi ɗaya da karanshaf, wato babbar sandar da ke juyawa a cikin inji, na biyu kuma ya mayar da inji da giya da ogzilari su zama jiki ɗaya mai tauri. Ba a ƙera shi don ya zama ɓangare na shasi ba, alhali wannan shi ne aikin da mai waldarka ya ɗora masa ba tare da ya sani ba.

Shasin mota irin Hilux dogayen ƙarafa ne guda biyu da aka haɗa da wasu a gicciye, kamar yadda kowa ke gani idan ya leƙa ƙarƙashinta, kuma yana murɗewa. Duk lokacin da tayar gaba ta dama ta hau tudu, ta baya ta hagu kuma ta faɗa rami, ƙarafan biyu ba sa zama a kan shimfiɗa ɗaya, ɗaya yana ɗagawa ɗaya yana sauka. A kan kwalta wannan motsi kaɗan ne, amma a hanyar gona da zaizayar ruwa ta cinye, da kaya a bayan mota, yana da yawa. Inji da giya kuwa ba sa murɗewa. Saboda haka masu ƙera motoci suke zaunar da su a wurare uku, biyu a gefen inji dama da hagu, ɗaya kuma a baya wajen tsakiya, ƙarƙashin giya ko ogzilari, kuma kowane a kan roba. Hikimar ita ce ta murhu: tukunya tana zama daram a kan duwatsu uku komai rashin daidaiton ƙasa, amma da zarar an ƙara na huɗu sai ta fara tangaɗi. Kamfanin Mercedes-Benz ya bi wannan tsari a motarsa ta daji, Unimog, wadda aka ƙera shasinta da niyyar ya murɗe sosai, aka kuma ɗora inji da ɗakin direba da bodi kowane a kan mazauni uku don kada murɗewar ta shige su.

A motarka yanzu akwai ƙarfe zalla a wurare huɗu, biyu a gaba biyu a baya, kuma babu mai sassauci a cikinsu. Idan shasi ya murɗe, gaban injin yana bin gaban shasi, ogzilari kuma yana bin tsakiyarsa, sai duk bambancin ya taru a wurin da ya fi sirantaka tsakaninsu, wato kaskon. Tsagewa ta sama kusa da notuna, wadda ta maimaita kanta a wuri ɗaya, ta dace da irin wannan matsi da ake yi ana sakewa dubban lokuta har ƙarfe ya gaji. Gorar ruwa ta zubi ba ta lanƙwasa sosai ta yi maka gargaɗi, tana jurewa ne har ranar da za ta buɗe.

Ya kamata kuma mu fahimci dalilin da ya sa robobinka suka fara tsinkewa tun farko, domin nan ne matsalar ta samo asali. Injin 22R ƙarfin murɗawarsa bai kai niyuton-mita 200 ba, shi kuwa 1UZ na farko, wanda ya fito a Lexus LS400 a 1989, yana ba da kimanin 350. Giya ta ɗaya a W56 tana ninka wannan ƙarfi kusan sau 3.95, ƙaramar giyar ogzilari ta tsohuwar Hilux kuma tana sake ninka shi sau 2.28. Idan ka lissafa, abin da zai iya fita zuwa farfela, wato doguwar sandar da ke kai juyi daga ogzilari zuwa tayoyi, ya haura niyuton-mita 3,000. Sau da yawa taya kan sulɓe kafin a kai wannan adadi, amma idan ta sulɓe a laka sannan ta kama busasshiyar ƙasa farat ɗaya, bugun da ke dawowa yana da tsanani. Duk ƙarfin da ke juya farfela ta wannan gefe, kwatankwacinsa yana ƙoƙarin juya inji da giya gaba ɗaya ta ɗaya gefen, kuma robobin gefen inji ne ke tare shi. Idan mota tana tafiya gaba, ɓangaren hagu na inji, wato na direba a motocinmu, shi ne ke ɗagawa, saboda haka robar wannan gefen ake ja har ta rabu da ƙarfenta. Wannan tsohuwar matsala ce ko a wajen manyan kamfanoni: a ƙarshen 1971 kamfanin General Motors na Amurka ya kira motocin Chevrolet sama da miliyan shida saboda tsinkewar robar zaman inji, kuma gyaran da aka yi musu shi ne ɗaura wata igiyar ƙarfe da ke hana injin ɗagawa fiye da kima. Ba a mayar da mazaunin ƙarfe zalla ba.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka sa a cire ƙafafun nan biyu na gefen ogzilari, a mayar da mazauni ɗaya na roba a tsakiya a kan ƙarfen gicciye, a kuma mayar da roba gefen inji. Sai dai kada ka koma ga ƙananan robobin 22R. Ka nemi masu girma na mota mai nauyi, zai fi kyau irin waɗanda ƙarafansu suka sarƙe da juna ta yadda ko robar ta tsinke injin ba zai tashi ba, ko kuma a yi mazauni mai bututu da bushin a ciki da dogon noti ya ratsa ta tsakiya. Idan ka ga dama ka ƙara sarƙa ko igiyar ƙarfe daga ɓangaren hagu na inji zuwa shasi, a bar mata ɗan sako-sako, yadda ba za ta yi aiki ba sai injin ya nemi wuce iyaka. Muhimmin sharaɗi shi ne taurin mazaunan uku ya zo kusa da juna. Ƙarfe a gaba da roba mai laushi a baya ba ya yi, domin wutsiyar giya za ta riƙa lilo alhali inji yana a kafe, haka nan roba a gaba da ƙarfe a baya ya fi muni. Ka kuma tabbata an auna tsayin mazaunin baya yadda giya za ta sauka a kansa da kanta. Idan sai an sa jak an danna ko an ɗaga kafin ramukan noti su haɗu, to kaskon yana ɗauke da matsi tun motar tana tsaye.

Akwai abu na biyu da wasiƙarka ta sa ni zargi, wato farantin da aka yanka maka. Injin 1UZ daga kamfani da giya mai sarrafa kanta ya fito, saboda haka duk wanda ya haɗa shi da giyar hannu dole ya samar da falaiwil, da boris ɗin da ke riƙe kan sandar giya a bayan karanshaf, da faranti ko kasko na musamman, kuma a nan ne aikin gida ya fi yawan kuskurewa. Mutane da yawa suna zaton notuna ne ke saita giya da inji, amma ba haka ba ne. Notuna matsewa kawai suke yi. Masu saitin su ne wasu ƙananan turakun ƙarfe guda biyu da ke bayan inji, waɗanda ke shiga ramukansu cif-cif. Na sha ganin faranti da aka yanka da wuta, aka huda ramukansa da ido, aka kuma jefar da turakun saboda sun hana shi shiga. Irin wannan haɗi zai yi tafiya, amma sandar giya tana juyawa ne a karkace, kuma alamominsa sanannu ne: giya tana wuyar shiga ko tana fita da kanta, kulochi yana karkarwa wajen tashi, boris ɗin gaban giya yana ci da wuri, mai yana ɗiga daga cikin kasko.

Ƙa'idar da masu wannan sana'a suke bi ita ce kada tsakiyar ramin giya ta kauce wa tsakiyar karanshaf da fiye da milimita 0.13. Ana auna wannan da agogon awo mai allura, a kafa shi a jikin falaiwil, bakinsa yana taɓa cikin ramin kaskon, a juya inji da hannu zagaye ɗaya, a raba bambancin da aka karanta gida biyu. Ba awo ne da ake yi da rula ko da tef ba, saboda haka ka kai aikin wajen masu injin sassaƙar ƙarfe, irin waɗanda ke gyaran karanshaf da fuskar silinda, su daidaita fuskokin farantin biyu su zama sumul kuma a layi ɗaya, su huda ramukan turaku daga tsakiyar karanshaf. Idan aljihunka zai iya, akwai kamfanoni a Ostireliya da Afirka ta Kudu da ke sayar da kasko da aka zuba musamman don haɗa 1UZ da giyar Toyota ta hannu, domin wannan sauyin inji ya shahara a ƙasashen biyu, kuma kasko guda ya fi faranti da aka cusa tsakani. Wajen ɗaurawa, giya ta shige har fuska ta haɗu da fuska da ƙarfin hannu kafin a taɓa sufana. Jawo giya da noti na daga cikin hanyoyin da suka fi saurin fasa kunnen kasko. Ka yi amfani da notuna masu lamba 8.8 ko 10.9 a kansu, kuma inda noti ke shiga cikin gorar ruwa, zarensa ya nutse kimanin ninki biyu na kaurinsa.

Game da kasko na ƙarfe da abokanka suka ambata, gaskiya ne ana yin sa, kuma masu tseren motoci a Amurka suna amfani da shi, amma babban dalilinsu shi ne ya tare ɓaraguzai idan falaiwil ko kulochi ya tarwatse a tsananin gudu, kada ya yanke ƙafar direba. Wanda aka yi da walda a gareji kuwa yakan karkace da zafi, sai an sake sassaƙa shi kafin ya yi daidai, wato ka dawo kan matsalar saiti da muka gama magana a kanta. Idan akwai abin da zan so ka sauya don ƙarin ƙarfi, to giyar ce da kanta. An yi W56 ne don inji mai silinda huɗu, kuma R150F ko R151F, waɗanda Toyota ta sa wa injina masu ƙarfi, sun fi dacewa da 1UZ. Ka bincika a Ƙofar Ruwa nan Kano ko Panteka a Kaduna, amma ka sani cewa sauyin zai shafi haɗin ogzilari da tsawon farfela, don haka ka yi lissafin aikin gaba ɗaya kafin ka saya.

Tambaya: Ina da Land Cruiser 79 mai injin 1HZ da nake aiki da ita tsakanin Agadez da garuruwan arewa. Na ƙara mata ganyen sifirin, na ɗaga ta don ta ɗauki kaya. Yanzu tana karkarwa idan ta ɗauki gudu, kuros ɗin farfela, wato gaɓar da ke ba ta damar juyawa a karkace, ba ya daɗewa, kuma kwanan nan na ga tsaga a bayan ogzilari, alhali ban taɓa mazaunin inji ko na giya ba.
— Mai karatu daga Agadez

Amsa: Malam, a naka lamarin matsin daga baya yake zuwa, ta farfela. Injin 1HZ mai lita 4.2, wanda Toyota ta fara fitarwa a 1990, ƙarfinsa bai fi ƙarfin giyarsa ba, saboda haka ba shi nake zargi ba. Da ka ɗaga motar, ka sauya abubuwa biyu, wato tazarar da ke tsakanin ogzilari da aksil (ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin baya), da kuma kusurwar da kuros ke aiki a kanta.

Farfela tana da wani ɓangare mai haƙora da ke zamewa ciki da waje, domin tsawonta ya riƙa ƙaruwa da raguwa yayin da aksil ke hawa da sauka. Idan wannan ɓangaren ya ƙure, ko dai saboda an sauya tsawon farfelar ba bisa awo ba, ko saboda rairayi da busasshen giris sun daskarar da shi, ko kuma an cika shi da giris har babu wurin da zai shige, sai farfelar ta zama sanda guda mai tauri. Duk faɗawar da mota mai kaya ta yi daga kan tudun rairayi, aksil zai tura ta kai tsaye cikin bayan ogzilari, kuma wannan bugu yana iya fasa murfin baya, wani lokacin ma ya ratsa har zuwa kaskon gaba. Ka sa a kwance farfelar a gwada zamewarta da hannu, a wanke haƙoran, sannan a duba cewa akwai sauran wurin shiga idan motar ta yi lodi ta zauna, akwai kuma sauran kamu idan tayoyi suna rataye.

Karkarwar kuma daga kusurwa take. Kuros ba ya juyawa da gudu ɗaya idan yana a karkace, yana sauri yana lafawa sau biyu a kowane zagaye, kuma kuros na biyu ne ke soke wannan rawar, da sharaɗin kusurwoyinsu su zama daidai da juna, kunnuwansu kuma su kasance a layi ɗaya. Sau da yawa bakanike yakan zare farfela ya mayar da ita a kan haƙorin da ba nata ba, sai kunnuwan su saɓa, don haka ka fara duba wannan tunda ba ya cin kuɗi. Idan suna daidai, sai a auna fuskar ogzilari da fuskar aksil, a gyara bambancin da siririn ƙarfe mai gangare da ake sawa tsakanin sifirin da aksil. A yi shi da ƙarfe, ba da gorar ruwa ba, domin na gorar ruwa yakan murƙushe a ƙarƙashin lodi, notunan sifirin su saki.

Tambaya: Shin ana iya yi wa kaskon giya walda idan ya tsage, ko dole sai an sayi wani?
— Mai karatu daga Maraɗi

Amsa: Ana iya yi, Malam, idan tsagar ƙarama ce kuma ba ta ratsa ramin turakun saiti ko fuskar da ke haɗuwa da inji ba. Kaskon gorar ruwa yana bukatar waldar argon, bayan an wanke shi sosai, domin zubi yana shan mai, man kuma yana ɓata walda. A huda ɗan rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a fafe ta, a ɗumama kaskon, a kuma ɗaure shi a jikin wani abu mai shimfiɗaɗɗiyar fuska yayin aikin don rage karkacewa. Bayan ya huce a sake auna shi da agogon awo kamar yadda na bayyana a amsar farko. Idan tsagar ta kama kunnuwa biyu ko fiye, ko ta zagaye kaskon, sayen wani na hannu mai lafiya ya fi araha a ƙarshe, kuma ko wanne ka zaɓa, ka gano abin da ya fasa shi kafin ka mayar.

Tambaya: Ina so in sa farantin kariya a ƙarƙashin giya saboda duwatsu. Mai walda ya ce zai ɗaure shi a notunan giya da na ogzilari don ya fi kamawa. Hakan ya yi?
— Mai karatu daga Jos

Amsa: Kada ka yarda da wannan, Malam. Amfanin farantin shi ne ya karɓi bugun dutse ya miƙa shi ga shasi, idan kuwa aka ɗaure shi a jikin giya, to giyar ce za ta sha bugun da ake son a kare ta daga gare shi. Idan kuma aka kama shi a giya da shasi a lokaci guda, ya zama mazaunin ƙarfe na ɓoye wanda zai kashe aikin robobi, ka faɗa irin halin da mai tambaya na farko ya shiga. A ɗaure shi a shasi ko a ƙarfen gicciye kaɗai, da notuna ba da walda ba don a iya cire shi wajen gyara, a bar tazarar da ta kai kaurin yatsa biyu tsakaninsa da giya saboda motsin inji da kuma lotsewar farantin idan ya bugi dutse. A huda masa ramuka daidai wurin zubar da mai, da wasu na fitar laka da tsakuwa, domin tsakuwar da ta maƙale tsakanin faranti da ogzilari tana cin jikin gorar ruwa a hankali har ta huda shi.